Faifan da Aka Ɗora wa Laifi

Jikokina da abokansu suna zaune a zaure suna kallon waya, ana nuna musu wani mutum ya cire faifan kuloci ya mayar da sabo kafin shayi ya huce. Sai na ji ɗayansu ya ce ashe aikin da Kaka ta shekara tana yi ke nan, buga ƙusa kawai. Amma na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani, da ɗan rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci, tun idon bai gama tafiya ba.

Ni ban taɓa tuƙa mota ba. Sana'ata ita ce sa wa faifan kuloci sabuwar fata. Tsakanin inji da akwatin giya akwai wani faifai na ƙarfe, kusan girman faifan rufe ƙwarya, an manna masa wata fata mai tauri gaba da baya. Ba fatar dabba ba ce, haka dai muke kiranta. Idan direba ya taka kuloci, faifan ya saki inji, giya ta shiga. Idan ya ɗaga ƙafa, faifan ya kama, mota ta tafi. Fatar nan ita ke cinyewa. Mai hali ya sayi sabon faifai, marar hali ya kawo mini tsohon in yi masa sutura.

Faifan farko da na taɓa, matacce ne. Marigayi maigidana bakanike ne, garejinsa a ƙofar gidanmu, bakin hanyar da ta nufi iyaka. Aiki ya yi masa yawa, ya shigo tsakar gida da wani faifai da aka riga aka yar, ya ajiye mini tare da guduma da kurfin huda ƙarfe da magagari, da wani guntun ƙarfe mai nauyi a matsayin maƙera. Ya ce in cire tsofaffin ƙusoshin ba tare da na lanƙwasa ƙarfen ba. Na lanƙwasa. Ya kawo wani, na fasa fatar. Bai ɗaga murya ba, sai dai ya ɗauka ya juya, ya nuna mini da farce inda na yi ɓarna, ya koma waje. Damina ta wuce, rani ya shigo, kafin ya yarda ya ba ni faifan mutane.

Ƙusoshin na tagulla ne, kuma dole kan kowace ya nutse ƙasa da fatar, in ba haka ba ita za ta riƙa kartar ƙarfen inji. Ba a binsu a jere. Ka buga nan, ka tsallaka ka buga wadda ke fuskantarta, kamar mai ɗaure ganga, don fatar ta kwanta daidai. Ka buga da ƙarfi, fata ta tsage. Ka buga da sanyi, ta yi ta rawa. In ka gama, ka zura faifan a sanda ka juya shi kana kallon gefensa. Idan ya yi ɗingishi ko kaɗan, aikin bai yi ba. Ga kuma ƙurar fatar, wadda sai daga baya muka san a jiƙa ta da ruwa kafin a goga. Tarin da nake yi yanzu tun daga can ne.

Wani direban Maraɗi mai ɗaukar albasa ya taɓa aiko da faifai baƙi wuluk, yana naso. Na shafa da yatsa na sansana, na ce a gaya masa fatar ba ta ƙare ba, baƙin mai ne ke ɗiga mata daga bayan inji, ko na sa sabuwa haka za ta jiƙe. Ya ce shi sauri yake yi, albasa ba ta jira. Ya kai wani wuri aka sa masa. Kafin wata ya ƙare ya dawo, an jawo shi da igiya daga wajen Magama. A nan na gane faifai yana ba da labarin direbansa. Wanda ya yi shuɗi-shuɗi yana warin ƙauri, na mai jingina ƙafa ne a kan kuloci. Irinsa ya fi yawa a garin nan, don direban iyaka rabin rayuwarsa a layi yake yi, daga shingen kwastan zuwa na 'yan sanda, daga nan zuwa na 'yan duwan, kwastan ɗin can ƙetare, ya matsa taku ɗaya ya tsaya, ƙafar hagu ba ta sama ba ta ƙasa. Wanda ya cinye gefe guda, ba a zaunar da shi daidai ba. Wanda maɓallan tsakiyarsa suka saki, na mai fizgar mota ne da kaya fiye da kima.

Ba duk ciwon giya ne daga faifai ba, kuma maigidana ba ya taɓa sifana sai ya yi tambayoyinsa. Ina jinsa daga ciki har na haddace. Inji yana kuka mota ba ta gudu, musamman a hawa? Faifai ne ke zamewa. Giya ɗaya ce kawai take gardama, ko take fita da kanta? Ciwon a cikin akwatin giya yake, bar kuloci ya huta. In an kashe mota giya tana shiga lafiya, in an tayar sai ta yi ta gurnani, ribas ya fi kowa ƙara? To kuloci ne ba ya saki. Daga nan sai ya ce a yi ta taka shi da sauri-sauri. Idan ya ɗan gyaru, iska ce ta shiga mai, ko roba ta mutu. Ranar da babu kowa a gareji, ni yake kira in zauna a kujerar direba, shi yana ƙarƙashin mota yana fitar da iska. Taka, riƙe, saki. Haka na san yadda kuloci mai lafiya yake sauka har ya bugi ƙarfen ƙasa, ka ji shi a tafin ƙafarka.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce shekararmu ta wahala. Maigidana ya riga ya rasu, ɗan autana ne ke riƙe da gareji, Auta muke ce masa. Manyan motoci suka daina zuwa. Layin da ke cinye fata ya watse. Waɗanda suka rage suna bin daji ta yashi, ga tsoron masu tare hanya, kowa ya fita sai addu'a. A lokacin ne kuma shaguna suka cika da sababbin faya-fayai masu araha a cikin kwali, suna ƙyalli, ko da yake ba sa daɗewa. Sai in wuni ban ɗaga guduma ba. Abin da ya rage mini kawai shi ne sunana. A tasha ana cewa faifan Inna ba ya zamewa, kuma maganar nan ita ke kawo 'yan tsirarun da ke zuwa.

Cikinsu akwai Sani, mai wata tsohuwar akori-kura, yana jigilar hatsi da mutane tsakanin ƙauyukan Gangara da kasuwa. Mutumin kirki ne, mai yawan zama wurin wa'azi, ba ya wasa da abin da yake ganin ya saɓa wa addini. Uwarsa, Iya Hajo, tana sayar da daddawa, takan biyo ta gidanmu ta sha ruwa. Motar Sani ta fara zamewa a yashi, Auta ya sauke akwatin giya, ya shigo mini da faifan, ya cinye har ƙusa. Na sa masa fata mai kyau, na juya a sanda, ko gezau. Aka mayar.

Aka tayar da mota, giya ta ƙi shiga. In an kashe inji, sandar giya tana yawo lafiya lau. In an tayar, sai gurnani kamar ana niƙa tsakuwa. Sani ya ce kafin a taɓa motarsa zamewa kawai take yi, amma giya tana shiga, yanzu kuwa ko daga gareji ba ta fita. Gaskiya ya faɗa. Auta ya fitar da iska, shi yana ƙasa, Sani yana takawa da takalminsa mai ƙasan taya. Bai gyaru ba. Auta ya sauya robobin mai, na sama da na ƙasa. Bai gyaru ba. Ya ƙara tsawon sandar da ke tura kuloci har ƙarshenta. Ya ce yana gani da idonsa, turawar ba ta kaiwa, amma bai san inda take maƙalewa ba. Ya sake sauke akwatin giya, aikin da ke karya baya, ya kawo mini faifan. Na duba ko an sa shi a juye, ba a juye yake ba. Na gwada kaurinsa da wani sabo, ɗaya suke. Na juya, na shafa, na sansana. Na ce masa faifan nan lafiyarsa ƙalau. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya ɗauka ya fita.

Magana kuwa ta riga ta isa tasha. Ana cewa idon Inna ya tafi, ta sa fata mai kauri, ta kashe wa Sani mota. Wani da ya ajiye faifansa a wurina ya aiko aka karɓa, wai zai yi tafiya. Na san ba tafiya zai yi ba.

Ranar Juma'a Auta ya gama mayar da komai tun da hantsi, aka gwada, jiya i yau. Iya Hajo ta zo daga ƙauye ganin abin da ya tsare ɗanta, ta zauna a tsakar gida kan tabarma, ba ta ko buɗe ƙwaryar daddawarta ba. Maza suka tafi masallaci. Gareji ya yi tsit. Na yafa mayafi na fita, ina so in ji abin nan da ƙafata. Na cire takalmi a bakin ƙofar motar, kamar yadda nake yi a ƙofar ɗakin kowa, na hau na zauna. Na taka kuloci. Ya sauka, amma bai bugi ƙarfe ba. Ya tsaya a kan wani abu mai taushi, kamar ka taka buhun dusa. Na sake takawa, haka.

Direbobinmu suna jibga shimfiɗa a ƙasan mota saboda zafin inji. Na ɗaga roba, na ɗaga guntun kafet, na ɗaga buhu. A ƙarƙashin buhun, daidai inda kuloci ke sauka, ga wani ƙulli kamar ƙwan agwagwa, an ɗinke shi a fata, an naɗe da ƙyalle. Ƙarfen kuloci har ya yi masa gurbi. Nan take na gane yadda aka yi. Tsohon faifai da ya cinye yana saki tun ƙafa tana sama, don haka ƙullin bai taɓa hana komai ba. Sabuwar fata kuwa sai an taka har ƙasa take saki, ga shi an tare hanya. Ƙyallen ma na san shi. Atamfa ce shuɗiya mai zanen kifi, kuma ragowarta tana ɗaure a ƙugun matar da ke zaune a tsakar gidana.

Na ɓoye shi a mayafi na shiga. Na zauna kusa da ita, na ajiye shi a kan tabarma tsakaninmu. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce ba rubutu ba ne, wa zai sa sunan Allah ƙarƙashin ƙafa. Ƙasar bakin ƙofar ɗakinta ce, da 'yar saiwa. Haka uwarta ta yi wa ubanta lokacin da yake fatauci da jakuna, a cikin takalmi ake sawa, don ƙafar da ta fita ta dawo ta taka gida. Tun da aka fara tare hanyar nan ba ta barci. Ta lura ƙafar ɗanta ta hagu ce ba ta hutawa, shi ya sa ta zaɓi wurin. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce yaron nan.

Na ce mata abin nan shi ya tsare motar. Ta dafe ƙirji.

"Ni na kashe mishi mota?"

"Ba ki kashe ba, Iya. Ya tare wuri ne kawai."

"In yaron nan ya gani, ƙone shi zai yi. Ya taɓa ƙone wani gabana, ya yi mini wa'azi gaban matatai. Ban iya ɗaukar wanga kuma." Sannan ta ce, "Amma na ji abin da ake faɗi kanki a tasha. Ki nuna musu. Haƙƙinki ne."

Na zauna da abin a hannuna. In na fita da shi na ɗaga a gaban maza, kafin la'asar tasha ta san faifan Inna bai yi laifi ba. Kafin magariba kuma ƙauyensu ya san tsohuwar da ta tsare motar ɗanta da ƙulli. Ni ban ce ƙasa tana tsare mutum ba, Allah ne mai tsarewa. Amma ni ma ina da ɗa da ke kwanciya ƙarƙashin mota a kan jak, na san abin da ke sa uwa ta ɗebi ƙasar ƙofarta.

Na tambaye ta ko dole sai ƙarƙashin kuloci. Ta ce ita dai inda ƙafarsa za ta taka. Na ɗauki kurfi da guduma da ƙusa ɗaya ta tagulla na koma mota. Hagu da kuloci akwai ɗan fili, inda ya kamata direba ya ajiye ƙafa in ba ya sauya giya. Na huda gefen fatar ƙullin, na haɗa shi da kafet daga ƙasa, na buga ƙusar yadda ba zai gusa ba. Na mayar da buhu da roba. Na taka kuloci, na ji ya bugi ƙarfe. Na sauko na sa takalmina.

Da suka dawo daga masallaci Sani ya ce a sake gwadawa, in ta ƙi a nemo sabon faifai a shago. Ya tayar, ya taka, giya ta ɗaya ta shiga ba ko tari. Ya sa ribas, ya shiga. Ya zagaya har bakin kasuwa ya dawo. Auta ya tsaya riƙe da ƙugu, ya ce wataƙila iska ce ta maƙale sai yanzu ta fita, amma na ga a fuskarsa shi ma bai yarda da maganarsa ba. Sani kuwa ya yanke nasa hukuncin. Ya gaya wa 'yan tasha Auta ya goge kaurin faifan a ɓoye, don ya rufa wa uwarsa asiri, kuma ya yaba masa a kan haka. Auta ya shigo ransa a ɓace, ya ce zai je ya rantse musu bai taɓa faifan ba. Na ce ya bari. Ya ce, Inna, sunanki fa. Na ce na sani, ka je ka ci abinci.

Aiki bai ƙara dawowa kamar da ba. An buɗe iyaka, layi ya dawo, amma faya-fayan suka tafi shago. Wasu tsofaffin direbobi sun ci gaba da zuwa don kunyar marigayi, suna karɓa suna juyawa a gabana, abin da ba sa yi a da. Na koma sa wa birki fata, daga baya shi ma ya tsaya. Iya Hajo ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni ma haka. Sai dai duk ranar kasuwa ta ajiye mini daddawa a bakin murhu, in na ce mene ne wannan, ta ce ta yi yawa ne. Haka har ta rasu.

Sani bai dawo da faifai ba. Na ɗauka fushi ne. Ashe ƙafarsa ce ta sami tudu a gefe, ta saba hutawa a kansa, ya daina jingina ta a kan kuloci, fatar ta ƙi ƙarewa.

Bara Sani ya zo. Akori-kurar ta gaji, ya sayar wa masu yanka ƙarfe, ya sayi wata. Ya yi sallama ya shigo har tsakar gida, ya durƙusa, muka gaisa, muka sake gaisawa. Sannan ya zaro guntun kafet daga aljihu ya ajiye a gabana. Ƙullin yana manne, ƙyallen ya koɗe amma ana ganin kifin. Ya ce yana kwashe shimfiɗar mota ya gani. Zanen ya san na wace ce. Ya ga kuma gurbin ƙarfen kuloci a jikinsa. Ƙusar ce ya daɗe yana kallo, don a garin nan mutum ɗaya ne ke nutsar da kan ƙusa haka.

"Inna, faifan nan naki har aka yanka motar bai zame ba."

"Na sani."

"Zan faɗa a tasha."

Na ce ya faɗa in yana so, amma rabin waɗanda suka ji maganar farko sun mutu ko sun bar tuƙi, ni kuma ko an kawo faifai yanzu ba na ganin ramin ƙusa. Ya juya abin a hannu. Ya tambaye ni yadda zai yi da shi. Na ce wannan tsakaninsa da mahaifiyarsa ne, ni aikina ƙarfe. Abin da na sani kawai, in zai sa a sabuwar motar, ya sa hagu da kuloci, kada ya sa ƙarƙashi.

Ya mayar da shi aljihu, ya tashi. Ban tambaye shi ba, bai gaya mini ba. Amma da ya kawo sabuwar motar a duba mata birki, Auta ya shigo ya ce Sani na neman aron kurfi da ƙusa ɗaya ta tagulla. Na laluba cikin tsohon gwangwani, na sami saura guda, na ba shi.